Wat Dubu Huɗu a Kunnen Baba Aper

Idan ka taɓa bi ta layinmu a garin Lafiya ka ji wani yana magana kamar da mutumin tsallaken kogi yake yi, alhali wanda yake yi wa maganar yana tsaye a gabansa, to Mahmuda ka ji. Sana'arsa tura waƙa a memori da sayar da cajar waya, a wata 'yar rumfa da ke manne da shagona na ɗinki. Amma kar ka kuskura ka kira shi mai tura waƙa. Injiniya ne. Shi ya naɗa kansa, shi ya rubuta a allon rumfar da jan fenti, da yake kuma babu mai huhun da zai yi musu da shi, sai muka bar masa. Ni da nake maƙwabcinsa na fi kowa shan wuyarsa. Ya taɓa karɓar rediyona wai zai ƙara masa murya, har yau da rediyon nake danne yadi in ina yanka.

Muna da wani aboki, Aondoaver, ɗan ƙabilar Tibi ne, yana jigilar doya daga Agyaragu zuwa Lafiya da wata tsohuwar a-kori-kura. Mutum ne shiru-shiru, ko kuka ya taka sai ya ba ta haƙuri. Ya daɗe yana neman Seember, autar wani dattijo Baba Aper da ke wani ƙauye a bayan Agyaragu. An yi komai an gama, ɗauko amarya kawai ya rage. A nan gizo ke saƙar.

A gidan Baba Aper, duk surukin da zai ɗauki 'ya sai ya sa mawaƙi ya tsara waƙa, a jero sunayen kakannin gidan ɗaya bayan ɗaya har a sauko kan shi dattijon. To kunnen Baba Aper ya yi nauyi tun da daɗewa. Duk 'ya'yan da ya aurar, haka ake kunna waƙa, mutane su yi ta rawa, a zo a dafa shi a nuna masa da hannu cewa an ambace shi, shi kuma ya gyaɗa kai. Abin ya ishe shi. Da aka zo kan auta sai ya kafe: Seember ba za ta taka ƙofar gida ba sai ya ji sunansa da kunnensa, kuma a gaban jama'a, ba a ɗaki a ɓoye ba.

Ranar da Aondoaver ya kawo waƙar a tura masa a memori, duk ya rame.

"Injiniya, ni dai tsoro nake ji," in ji shi. "Tsohon nan ko tsawa ya faɗi a bayan gida, sai ya ce wane ne yana buga ƙofa. In bai ji ba, Seember ba zai fito ba. Kuma Baba in ya faɗi magana, ya faɗi ke nan."

Mahmuda ya tuntsire da dariya har mai ƙosan tsallaken titi ta waiwayo.

"Ango, wannan ne ya hana ka cin abinci? Ai kunne ba ya mutuwa, wat ne, wato ƙarfin sauti, bai ishe shi ba. Ba ni motarka. Wallahi in na gama da ita, ba Baba Aper ba, kakansa da ke kabari sai ya amsa!"

Na leƙo daga shago na ce, "Mahmuda, ka tuna rediyona."

"Tela, ka ji da allurarka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Na so in ƙarasa masa cewa mai wannan maganar maƙwabcin mai akuya ne da ya sayi kura, amma na ga yadda idon Aondoaver ya kawo haske, sai na haɗiye.

Washegari aka ja ni kasuwa wai in taya ɗauko kaya. Shagon wata Francisca muka shiga, mai sayar da kayan sautin mota, mace mai baki kamar reza. Mahmuda bai ko gaishe ta da kyau ba ya nufi wasu sifiku da aka zana wa zaki da walƙiya a kwali, an rubuta wat dubu da manyan lambobi. Ya ciro huɗu ya jera.

"Dubu sau huɗu, dubu huɗu. Madam, kawo mini amfilifaya mai wat dubu huɗu."

"Oga Injiniya, abeg tsaya tukuna," in ji Francisca. Ta zaro sifika ɗaya daga kwali, ta kifa ta, ta nuna masa wata 'yar takarda da ke manne a jikin maganaɗisun. "Karanta wannan."

"Sittin."

"Yawwa. Wannan dubu na kwali, na talla ne. Shi ne abin da sifika zai ɗauka na ƙiftawan ido kafin ya mutu, in ma gaskiya suka rubuta. Wannan sittin da an sa ar-em-es a gefe, shi ne abincin shi na kullum. Kai ma za ka iya ɗaga buhun siminti biyu sau ɗaya don 'yan mata su gani. Za ka iya kai shi Agyaragu a kai?"

"Ki bar maganar siminti."

"Ka ɗauki amfilifaya da zai ba kowane ɗaya sittin, ko ya ɗara kaɗan. Ga shi nan ina da shi. In ƙara kake so ya fi haka, sifika za ka canja, ka ɗauki manya da amfilifaya daidai su. Shi ke nan magana."

Mahmuda ya dube ni, ya dubi Aondoaver, ya yi irin murmushin da malami ke yi wa ɗalibin da ya yi ƙoƙari amma bai kai ba.

"Madam, ke sayarwa kika sani, ni aikin na sani. Wannan ƙaramar lambar don 'yan kwastan ake rubuta ta. In suka ga sittin sai su ce kayan yara ne, su bari ya wuce. Mu da muke cikin harkar mun san wannan."

"To me ya sa sun rubuta dubu a kwali, inda kwastan zai fara gani?"

Mahmuda ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Ai shi ya sa ake ce masa sirri."

Francisca ta tafa hannu, ta ce ita ba ta da mai dubu huɗu, ko tana da shi ma ba za ta sayar wa mai niyyar kisan kai ba. Muna fita da sifikun ta biyo mu har bakin ƙofa tana cewa, "In ya ƙone kar ka dawo mini da gawa o! Ba na karɓan gawa!"

Gwajin farko da wani ɗan ƙaramin amfilifaya aka yi, wanda Mahmuda ya cire daga wani mataccen keke napep, wai don sifikun su ɗumama jiki kafin babban ya iso. Ya ɗaure su a ƙarfen bayan a-kori-kurar da robar tsohon tayub, ya murɗe duk wani abin murɗawa har ƙarshe. Abin tausayi, ɗan amfilifayan ya yi ta nishi yana ba da abin da ba shi da shi. Waƙar ta fito kamar an shaƙe mawaƙin ana jijjiga shi. Can sai 'yan ƙananan sifikun da ke tsakiyar manyan, masu fitar da siririyar murya, suka yi wani ƙiii suka ɗauke. Daga nan muryar mawaƙin ta koma kamar yana waƙa da kansa a cikin randa.

Mai ƙosai ta ƙwalo daga tsallake, "Injiniya, mura yake yi ne? A ba shi citta mana!"

"Kun gani ko?" in ji Mahmuda, ko a jikinsa. "Yunwa suke ji. Ka ba ƙato kunu a cokalin shayi ka ce ya yi maka noma? Bari abincinsu ya zo, muryar za ta dawo da kanta."

Abincin nasu a kan acaɓa ya iso, mutum biyu suka sauke shi. Wani amfilifaya ne da ya kusa faɗin murfin firiza, wanda Mahmuda ya aro a wurin wani Terseer mai kiɗan biki. Shi Terseer ɗin ya jingine shi ne don ya cinye masa batir har ya gaji da saye, amma Mahmuda ya ce wannan ai shaida ce ta lafiyar ciki. Irin wannan dodon, waya mai kaurin babban yatsa yake so daga batir. Mahmuda ya ja masa siririyar wayar ƙwan lantarki, da ba ta kai ba ya je gida ya ƙaro.

Ba a jima ba sai ga matarsa Rabi'a, mayafi a karkace, gumi na zuba.

"Baban Zakiyyu, ina wayar fankata?"

"Tana aikin ƙasa."

"Wace ƙasar? Ni da yara muna can muna dahuwa kamar dankali! Kai dai don Allah ka kai wa rewaya mai gyaran wutar mota aikin nan tun kafin ka ja wa bawan Allahn nan asara."

"Ni zan kai aiki wurin rewaya? Kin taɓa ganin likita ya je wurin wanzami?"

"Na dai ga likitan da duk wanda ya duba sai an yi masa sutura." Ta juya wurin Aondoaver ta sassauta murya. "Ango, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. In kana son matarka, ka ɗauke motarka yanzu."

Aondoaver ya sosa ƙeya, amma bai ɗauke motar ba. Ba wauta ce ta riƙe shi ba, rashin wata dabarar ce. Duk masu kiɗan da surukan baya suka ɗauko sun gaza, shi kuwa Mahmuda ko ba komai ya yi alkawari da ƙarfi.

Ana kunnawa fis ya ƙone. Aka sa wani, ya ƙone. Aka sa na uku, ko numfashi bai yi ba.

"Fis ɗin nan matsorata ne," in ji Mahmuda. Ya duba ƙasa, ya tsinci ƙusa, ya goge ta a wando, ya cusa a gurbin.

"Injiniya," in ji Aondoaver a hankali, "ba fis ne yake hana wuta kama mota ba?"

"Shi ke hana wuta wucewa. Mu kuwa wuta muke nema."

Ya murɗa kwata kawai. Gangar farko da ta buga, madubin gefen motar ya faɗo. Ta biyu, zarurrukana suka gangaro daga kantar shagona suka bi titi, ina bin su ina tsine wa ranar da na kama shago a layin nan. Kofunan mai shayi suka hau rawa a kan tebur. Fitilun motar kuwa duk bugun ganga sai su lumshe su buɗe, kamar motar tana kashe mana ido. Ni dai na ji wani ƙauri-ƙauri yana tasowa daga sifikun, na faɗa. Mahmuda ya ce ƙamshin sabon abu ne, wanda bai saba sayen sabo ba ba zai gane ba.

Ladanin masallacin layi ne ya cece mu. Ya zo yana toshe da kunne ya ce ya kira azahar shi kansa bai ji abin da ya faɗa ba. Mahmuda ya kashe. Da Aondoaver ya murɗa makulli, motar ta ce ita fa ba ta san zance ba, batir ya tafi. Mu muka tura ta cikin ranar nan ta Lafiya har gaban gidan mai, Injiniya yana gefe yana ba da umarni da hannu a aljihu.

"Ko mu koma wajen Madam Francisca ne?" in ji Aondoaver yana haki.

"Ango, kwata fa na buɗe! Kwata! Ka ga abin da ya faru a layi. Ragowar na ajiye wa Baba Aper. Ba a gwada wuƙar layya a wuyan kaza."

Ranar Asabar da hantsi ayari ya tashi. A-kori-kura a gaba, keke napep a baya sun yi jerin gwano, an ɗaura musu balan-balan. Ango da kansa yake tuƙi, don motar ba ta jin maganar kowa sai tasa. Mahmuda ya sha farar babbar riga wadda ni na ɗinka, ya ɗora baƙin tabarau. Amfilifaya yana kan kujera a tsakiyarmu kamar shi ne uban biki, ni kuma an matse ni a jikin ƙofa. Kafin mu fita gari cinyata ta fara gasuwa. Da na yi ƙorafi, Mahmuda ya tsayar da ayari ya sayi jakar fiyawata mai sanyi, ya jera ledojin a kan amfilifayan ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan kuma fa?" na tambaya.

"Na'urar sanyaya inji. A Turai ma haka suke yi, leda ce kawai ba su da ita."

Mun tarar da gidan Baba Aper ya cika ya batse. An kafa rumfuna a ƙarƙashin itatuwan mangwaro, mata sun sha zannuwa masu ratsin baƙi da fari, ana ta kirɓa sakwara a turame. Dattijon yana zaune a kujerar katako a tsakiyar fili, sanda a tsakanin ƙafafunsa. Seember tana tsaye a bakin ƙofa cikin kwalliya, akwatunanta a jere a gabanta. Mai juya bikin ita ce Mama Doofan, ƙanwar Baba Aper, wata gajeriyar tsohuwa mai kazar-kazar. Ita ta zauna da mawaƙin ta ba shi sunayen kakanni, don haka waƙar tana kanta tsaf.

Mahmuda ya sa ango ya yi baya-baya da motar har sifikun suka kusa shafar hular dattijon. Sannan ya fito, ya baza babbar riga, ya ɗaga hannu.

"Jama'a! Masu hawan jini su matsa baya! Masu juna biyu su shiga ɗaki! A samu ƙarti biyu su riƙe kujerar Baba! Abin da za ku ji yau, wat dubu huɗu ne, daga Lafiya, aikin Injiniya Mahmuda!"

Ya koma ya murɗa kwata. Ganga ta ɗauka, rumfuna suka girgiza, mata suka ajiye taɓare suka shiga rawa. Baba Aper ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Hadari ne?" ya tambaya. "A kwashe shanya."

Aka kwashe da dariya. Mahmuda ya cije leɓe ya kai rabi. Ɗanyen mangwaro ya fara faɗowa, wani kare ya tsallake danga bai waiwayo ba. Dattijon ya dafa cikinsa.

"Ina jin abu a ciki na," in ji shi. "Amma ciki ba kunne ba ne."

Mama Doofan ta zo tagar mota tana ihu. "Kai mai gilashi! Ganga kawai muke ji! Ina muryan mai waƙa? Ko mu masu kunne da ƙyar muke kama shi!"

Gaskiya ta faɗa. Masu fitar da muryar ai tun ranar gwajin farko aka yi jana'izarsu.

"Tana zuwa, Mama! Tana cikin ragowar wat ɗin!"

Tsohuwar ta kara kunne, tana bin waƙar da leɓe. An wuce kakan kaka. An wuce kaka. An shiga kirarin mahaifin Baba Aper. Ta ɗaga hannu sama tana tsalle. "Yanzu! Yanzu ne sunan yana zuwa! Ƙara!"

Mahmuda ya gyara tabarau, ya yi bismillah da ƙarfi don kowa ya shaida, ya murɗe har ƙarshe.

Sifikar farko ta yage, ta tofo 'yar hular tsakiyarta, ta tashi sama ta faɗa cikin turmin sakwara. Ta biyu ta yi kukan akuyar da ƙofa ta datse wa wutsiya, ta yi shiru. Ta uku da ta huɗu ba su tsaya gardama ba, hayaƙi kawai suka fara fitarwa a natse. Fili ya yi tsit, har kana jin faɗuwar mangwaro.

Sai kuma ƙusa ta nuna halinta. Da fis ne da tuni ya ƙone ya huta, ita kuwa ta yi ja ta tsaya daram, wayar fankar Rabi'a ta narke tun daga batir har ƙarƙashin sitiyari. Hayaƙi ya turnuƙe mu. Ledojin fiyawata suka shiga fashewa a kan amfilifayan, tas, tas, yana tsuwa yana tartsatsi. Ni ta taga na fita, ban san ina da wannan gwanintar ba. Mahmuda ya hau dukan wutar da hannun babbar riga, hannun rigar ya kama. Wata mata ta sheƙa masa ruwan wanke-wanke, wata ta ga kamar bai isa ba ta ƙara masa da na wankin kifi. Aondoaver ne ya yi ta maza ya buɗe gaban motar ya fizge kan batir da hannu. Da hayaƙi ya lafa aka duba rediyon motar, memorin ya narke a ciki kamar alewa, waƙar kuma a cikinsa kaɗai take, don Injiniya ya goge ta wayar ango wai kar 'yan hassada su sace.

Baba Aper ya gyara zama, ya buga sandarsa a ƙasa.

"To, ku fara mana. Rana yana yi."

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Mama Doofan ta je gabansa ta yi masa bayani da hannu: ta nuna motar, ta nuna sifikun, ta shafa tafin hannu ɗaya a kan ɗaya alamar an gama. Dattijon ya daɗe yana kallon motar.

"Na ga hayaƙi," in ji shi. "Hayaƙi ba suna na ba ne. Seember, koma ciki."

Yarinyar ta rufe fuska da gyale ta fashe da kuka. Aka fara mayar da akwatuna ɗaki. Aondoaver ya cire hula ya zauna a ƙasa daɓas a jikin tayar motarsa, hannunsa da ya ƙone a kan gwiwa. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla, haushin Mahmuda kuma ya cika ni.

Shi kuwa gogan naka, ƙayar kifi a hula, hannun riga ɗaya babu, ai bai ga ta zama ba. Ya hau bayani, yana ƙara murya kamar yadda ya saba in gaskiya ta ƙare masa.

"Jama'a, ba laifin aiki ba ne! Batirin ne jabu! Kuma iskar Agyaragu ba irin ta Lafiya ba ce, ta fi nauyi! Ni da na haɗa wat dubu huɗu da hannuna, WAT DUBU HUƊU, a ce wai..."

Baba Aper ya juyo da sauri, ya yamutsa fuska.

"Wane ne wannan yana mini ihu a kai?"

Mama Doofan ta dubi yayanta. Ta juyo ta dubi Mahmuda tun daga maƙogwaro har ƙirji, irin kallon da mai sayen rago ke yi ana gobe Sallah. Ta taho ta cafke ragowar hannun rigarsa.

"Zo nan, ɗana. Durƙusa."

"Mama, me zan yi?"

"Waƙa."

"Ni? Ai ba na jin Tibi!"

"Ba a ce ka ji ba. Ni zan faɗa, kai ka ɗaga."

"Mama, ni fa Injiniya ne."

"To ga inji a wuyanka, ga kunne. Haɗa."

Mahmuda ya waiga yana neman hanyar gudu, sai ya yi ido huɗu da Aondoaver. Angon bai tashi daga ƙasa ba, bai kuma ɗaga murya ba.

"Mahmuda," ya ce, ba Injiniya ba. "Ka ƙone mini mota, na yafe. Kar ka ƙone mini aure."

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Mahmuda ya cire tabarau, ya durƙusa a cikin ƙura, ya kafa baki a kunnen dattijon. Mata suka mayar da turame ganga, 'yan mata suka ɗauki tafi. Mama Doofan ta rera baitin farko, Mahmuda ya cika ƙirji ya ɓarke da shi. Tibin da ya fito daga bakinsa, yara har birgima suke yi a ƙasa don dariya. Duk inda ya karkace sai tsohuwar ta ɗaka masa duka a kafaɗa ta ce a sake. Kakan kaka sai da aka maimaita shi har ya gaji da kansa. Jijiyoyin wuyan Mahmuda suka tashi, idanunsa suka yi ja, gumi ya haɗu da ruwan kifi yana ɗiga daga gemunsa. Aka wuce kaka. Aka wuce uba. Tsohuwar ta ɗaga hannu, turame suka tsaya, ta faɗi baitin a hankali. Mahmuda ya tattara duk abin da ya rage masa a duniya ya zuba.

Sandar Baba Aper ta faɗi ƙasa.

Sannan ya ɗora hannu a ƙirjinsa.

"Ni ne," in ji shi. "Ni ne wannan. Na ji." Ya bi fuskokin jama'a da kallo ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin kumatunsa yana dariya. "Kun ji? Ku ma kun ji?"

Aka amsa masa da guɗa da tafi. Ya miƙe ba sanda, ya taka rawa kaɗan irin ta tsofaffi, ya ce a fito masa da autarsa. Ya kama hannun Seember ya sa a hannun Aondoaver, wanda bai ƙone ba, ya yi musu doguwar addu'a da harshensu. Ni ban ji kalma ɗaya ba, amma na ce amin da zuciya ɗaya. A keke napep aka ɗauki amarya, akwatuna a cinyar ƙawaye, don a-kori-kura sai dai a aiko mai ja.

Ana cikin hayaniyar tafiya Mahmuda ya miƙe da ƙyar yana kakkaɓe gwiwa. Ya matso kusa da ni, ya buɗe baki. Abin da ya fito bai fi kukan ɗan tsako ba, sai da na sunkuya na ji.

"Tela... ka ga... aiki?"

Kafin in ba shi amsar da ta dace da shi, wani busasshen hannu ya damƙe wuyan hannunsa. Baba Aper ne. Ya koma kujerarsa, ya juya ta a hankali, ya karkato da ɗaya gefen kansa, ya ɗage hula.

"Yaro na, Allah ya yi maka albarka," in ji shi. "Wannan kunne ya ji. Zagayo ta nan, saura ɗaya."

Mama Doofan ta gyara murya, ta ɗauko waƙar daga kakan kaka.